Kotun da Ba Ta da Ɗan Sanda

Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci a shari'ar iyaka da Kamaru ta shigar da Najeriya tun 1994. Bakassi kowa ya riƙe, saboda man fetur. Ni kuwa Darak ta fi tsaya mini a rai.

Darak tana yankin Tafkin Chadi. Da ruwan tafkin ya yi ta janyewa, masunta da manoma daga Najeriya, cikinsu har da Hausawa, suka bi shi suna kafa ƙauyuka. Gwamnati ta biyo su da makarantu da 'yan sanda da masu karɓar haraji. Lauyoyin Najeriya suka kafa hujja da wannan: ga mutanenmu, ga mulkinmu. Alƙalai suka ce daɗewa a wuri ba ta soke yarjejeniya. Wace yarjejeniya? Ta Turawan mulkin mallaka: wadda Ingila da Faransa suka ƙulla a 1919 da 1931, sai ta Ingila da Jamus ta 1913 a kan Bakassi. A Disamba 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da talatin. Mutum ya kwana a Najeriya, ya wayi gari baƙo a gidansa.

Abin lura, kotun nan ba ta da soja ko ɗan sanda. Idan ƙasa ta yi kunnen ƙashi, sai dai a kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Can kuwa manya biyar ke da ikon hawa kujerar na-ƙi, kuma Amurka ta hau ta a 1986 bayan Nikaraguwa ta kayar da ita a kotun.

To me ya sa Najeriya, mai rinjayen soja, ta bi? A ganina, hukunci yakan ba shugaba damar ja da baya ba tare da an ce ya ji tsoro ba. Shugaba Obasanjo na Najeriya da Shugaba Paul Biya na Kamaru suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree kan miƙa Bakassi a Yuni 2006, Kofi Annan na tsakani. Majalisar Dattawan Najeriya ta yi ta kumfar baki, amma ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin 'Yar'aduwa, aka kammala miƙa Bakassi a Kalaba.

Nijar da Benin ma sun je kotun a kan tsibirin Lete, su kam da yardar juna. A 2005 aka bai wa Nijar tsibirin, Benin ta amince.