Sojan da ya rasa ƙafa ya ciyo wa Afirka zinare

A shekarar 2020, a fagen yaƙi da Boko Haram a Arewa maso Gabas, harsashin bindigar harbo jirgi ya sami wani matashin soja mai suna Peacemaker Azuegbulam. Likitoci sun ceci ransa, amma dole aka yanke masa ƙafa guda. Ciwon jiki ya warke, na zuci ya ƙi. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya yi fareti cikin abokai sai ga shi kwance, komai sai an yi masa. Haka sojoji da dama ke fama bayan an sallame su: barci ya ƙaurace, ƙarar ƙofa ta firgita su, su daina shiga mutane.

Wasa ne ya fito da shi. An haɗa shi da sauran sojojin da suka ji rauni, aka fara koya musu ɗaga ƙarfe da ƙwallon raga ta zaune. A wannan wasa kowa zama yake yi a ƙasa, shida nan shida can, ragar an sauko da ita, kuma doka ta hana ɗaga mazaunai lokacin buga ƙwallo. Mai ƙafa biyu ba ya fin mai ƙafa ɗaya. Ga lokacin atisaye da za a kiyaye, ga koci mai tsawa, ga abokan da za su tambaya in ba ka zo ba. Sojan ya sake samun runduna ke nan.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1948 Dakta Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin baka ga raunanan sojojin Yaƙin Duniya na Biyu a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. A 2014 Yarima Harry, wanda ya yi aikin soja a Afganistan, ya kafa gasar Invictus ta raunanan sojoji a Landan. A Satumbar 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar, a Düsseldorf ta Jamus. A can Azuegbulam ya kwanta kan benci, ya tunkuɗa ƙarfen sama, ya ci zinare, na farko da wani ɗan Afirka ya samu a gasar.

Labarin ya zo har gida. A ranar 10 ga Mayun 2024 Harry, bisa gayyatar Janar Christopher Musa, ya iso Kaduna, ya gana da Gwamna Uba Sani, sannan ya zaga gadajen raunanan sojoji a Asibitin Soja na 44, ƙetaren kogi daga nan Kakau.

Da yawa daga irin waɗannan sojoji unguwanninmu suke dawowa. Raga, ƙwallo da daɓen siminti ba su fi ƙarfin ƙaramar hukumarmu ta Chikun ba, kuma matasan da za su zauna ƙasa su buga da su ba su yi mana kaɗan ba.