Me Ya Sa Muke Gajiya Bayan Hutun Rabin Lokaci?

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai zuwa filin ƙwallo da yamma ya san wannan. A farkon wasa kowa gudu yake kamar barewa, amma da an dawo hutun rabin lokaci sai a ga wasu sun riƙe ƙugu, wasu jiri na ɗibarsu. Mukan ce ragwanci ne, alhali sau da yawa yunwa ce da ƙishirwa.

Jikinmu yana ajiye ƙarfin da yake samu daga tuwo, shinkafa, dankali da burodi a cikin hanta da tsoka. Ajiyar ba ta da yawa, kuma ta cikin hanta tana raguwa da dare muna barci. To wanda ya fito bai karya ba, ya ci biskit kawai a lokacin tara, sannan ya shiga fili da ƙarfe 4, da me zai yi gudu? Ga shi mu yanzu muke girma, abincinmu aiki biyu yake yi: ya gina jiki, ya kuma ba mu ƙarfin wasa.

Ba sai abinci mai tsada ba. Koko da ƙosai da safe sun isa karin kumallo. Da rana shinkafa da wake ko ɗanwake, amma a ci awa 2 zuwa 3 kafin wasa, domin wanda ya cika ciki ya shiga fili nauyi zai ji, wani har ya yi amai. Idan lokaci ya ƙure, ayaba ko dabino sun fi sauƙin narkewa. Bayan wasa kuma tsoka tana son abin da zai gyara ta, kamar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai ko fura da nono.

Ruwa ne muka fi rainawa. Kada mu jira sai maƙogwaro ya bushe, mu sha kafin wasa da lokacin hutu, musamman a zafin Maris da Afrilu. Idan fitsari ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Lemon kwalba da ake cewa na ƙara kuzari kuwa, sukari ne mai yawa da sinadarin da ke cikin kofi. Yana sa zuciya bugawa da sauri, yana hana barci, kuma likitocin yara ba su yarda mu sha ba. Kuɗinsa zai sayi ayaba da ruwan leda har da canji.

Akwai kuma gajiyar da ƙarancin jini ke kawowa, kuma ta fi samun 'yan mata. Zogale, alayyafo, wake da hanta suna da sinadarin ƙarfe mai gina jini. Lemon zaƙi ko gwaiba suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, shayi kuwa yana rage tsotsar, don haka a bar shayin sai bayan awa ɗaya da cin abinci.