Ginin Jimlar Turanci: Inda Ɗalibanmu Suke Tuntuɓe

Duk wanda ya ratsa unguwar Madaki a cikin garin Gwambe da hantsi, zai ji muryoyin yara daga azuzuwa suna bitar Turanci. Da yawansu sun haddace kalmomi masu yawa, amma harhaɗa su su zama jimla shi ne abin da yake gagararsu. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ɗalibin da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ba zai sami gurbi a Jami'ar Jihar Gwambe ba, wadda aka kafa a 2004, haka ma sauran jami'o'in ƙasar nan.

Masana nahawu sun kasa jimlar Turanci kashi huɗu ta fuskar gini: sassauƙa mai ganga ɗaya, harɗaɗɗiya wadda "and" ko "but" suke haɗa gangunanta, sarƙaƙƙiya mai ganga dogarau, sai kuma wadda ta haɗa biyun ƙarshe. Haddace wannan ba wuya. Wahalar tana wani wuri dabam.

Hausa da Turanci sun yi tarayya wajen jeranta aikau, aikatau da karɓau, shi ya sa yaro yake zaton hanya ɗaya ce. Amma Bahaushe ba ya cewa "Musa tafi", dole ya ce "Musa ya tafi", domin "ya" ɗin nan ita ce take nuna lokaci. Sai ɗalibi ya ɗauko ta ya rubuta "Musa he went", malamin jarrabawa ya ja masa jan biro. Haka kuma "yaron da na ba shi kuɗi" daidai ne a Hausa, amma "the boy that I gave him money" kuskure ne.

Tambaya ma haka. Mu da karin murya muke tambaya: "Ka zo?" Bature kuwa sai ya jawo "did" gaban jimla.

A ganina, malamin da ya san nahawun Hausa, irin wanda M.K.M. Galadanci ya bayyana a littafinsa na 1976, shi ya fi iya gyara waɗannan kurakurai, domin ya san daga inda suka fito. Abin takaici, a makarantu da yawa malamin Hausa da na Turanci ba su taɓa zama tare sun duba littafin yaro ɗaya ba.