Masu Jefa Guga Cikin Teku Domin Manomi

Manomin ƙasar Kano ko na Damagaram wanda bai taɓa ganin teku ba, in aka gaya masa akwai waɗansu mutane can cikin jirgin ruwa, tafiyar kwana da kwanaki daga gaɓa, suna auna zafin ruwa dare da rana, kuma aikin nasu ya shafi geron da ke cikin rumbunsa, lalle zai yi dariya ya ce ina ruwan biri da gada. To, amma maganar haka ta ke. Ruwan da ke sauka bisa kunya asalinsa daga teku ya taso, zafin tekun nan kuwa da sanyinsa suna cikin manyan abubuwan da ke sa damina ta yi kyau ko ta ɓaci.

INDA RUWAN DAMINA KE FITOWA

Kowa ya sani hadari daga gabas ya kan taso. Amma mai lura zai ga tun da bazara iskar da ke kaɗa ganye daga kudu maso yamma ta ke zuwa, da laima a jikinta. Wannan iska ta ratso Tekun Atlantika ne, ta wajen da a ke kira Mashigin Gini, watau ruwan da ke kudu da Ikko da Kwatano da gaɓar Gana. Rana ta dafa ruwa, tururi ya tashi ya bar gishiri a baya, iska ta kwaso shi ta yiwo arewa. Hadarin gabas shi ke tattara laimar nan ya zubar.

Abin da ke jawo iskar kuwa bambancin zafi ne tsakanin tudu da teku. A watan Afrilu ruwan saman Mashigin Gini ya kan kai digiri 28 ko 29 a awon Salsiyos. Daga watan Mayu sai wata iska ta kudu ta yi ƙarfi, ta ture ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Kafin ƙarshen Yuli ruwan wani yanki mai faɗi a can ya sauka zuwa wajen digiri 23. A daidai lokacin nan hamada tana tafasa. Teku ta yi sanyi, tudu ya yi zafi, sai iska ta kwararo arewa da ƙarfi. Masana sun lura wajen ƙarshen Yuni ne ruwa mai yawa ya kan bar gaɓa ya ƙaura arewa, sa'an nan damina ta zauna sosai a ƙasar Hausa. Shekarar da teku ta ƙi yin sanyi, ruwa ya kan daɗe a gaɓa, arewa ta yi ta duban sama. Haka aka yi a 1984: Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, fari kuwa ya yi ɓarnar da tsofaffi ba su manta ba har yau.

YADDA A KE AWON

Jirgin bincike ba ya ɗaukar fasinja ko kayan ciniki. Abin da ke cikinsa ɗakunan gwaje-gwaje ne, da ma'aikata, da wani babban injin naɗe igiya. Igiyar ta ƙarfe ce, tsawonta mita dubbai, da wayar lantarki a cikinta. A bakinta an ɗaura wani kejin ƙarfe wanda ya kusa tsayin mutum, an jera masa kwalabe 12 ko 24 kewaye, kowace tana cin lita 10 ko 12. Ƙarƙashin kwalaben akwai na'urar da ke auna abu uku: zafin ruwa, da gishirinsa, da nauyin ruwan da ke danne ta, wanda da shi a ke gane zurfin da ta kai.

In an iso wurin da aka shirya, sai matuƙi ya tsai da jirgi, ya fuskanci iska, ya riƙe shi wuri guda. Babu maganar anga, domin ƙasa ta yi nisa. Sa'an nan a ɗaga kejin nan a zura shi cikin ruwa, kwalabe duka baki buɗe sama da ƙasa, ruwa yana ratsa su. Ya kan sauka wajen mita 1 kowace daƙiƙa, na'urar tana aiko da awo ta cikin wayar sau 24 a daƙiƙa guda, wani ma'aikaci yana zaune gaban kwamfuta yana kallo. Inda zurfi ya kai mita 4,000, watau gaba fiye da 2,000 a lissafin masu haƙar rijiya, zuwa da dawowa su kan ci wajen sa'a 3.

Abin da ma'aikacin ke gani abin mamaki ne. Ruwan ɗumi ɗan kaɗan ne a sama, kamar mai bisa miya. A Mashigin Gini sau da yawa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba. Daga nan sanyi ya fara, a mita 1,000 ruwa ya koma digiri 4 ko 5, a can ƙasa kuwa wajen digiri 2, alhali rana tana ƙona waɗanda ke bisa jirgi. Nauyin ruwa a mita 4,000 kuwa, wurin da bai fi faɗin farce ba yana ɗauke da kimanin kilo 400, watau buhu 4 na masara. Saboda haka tilas a yi wa na'urar gida mai kauri na ƙarfe.

Wajen jawowa ne a ke rufe kwalaben. Ma'aikaci ya ce wa mai injin ya dakata a zurfi kaza, ya danna maɓalli, kwalba ɗaya ta rufe da ruwan wurin a cikinta. Haka za a yi ta yi har a iso sama. Da kejin ya hau jirgi sai a kewaye shi, kowa da 'yan kwalabensa, a ɗiba, a rubuta lamba da zurfi da lokaci. Ruwan nan da shi a ke gwada gaskiyar na'ura, kamar yadda a ke gwada sikelin ɗan kasuwa da dutsen awo na hukuma. Na'ura mai kyau tana rarrabe zafi har kashi 1 cikin 1,000 na digiri, amma duk kyanta ba a yarda da ita sai an gwada. Aikin ba dare ba rana, ma'aikata suna karɓa-karɓa, domin kuɗin da jirgi ke ci kowace rana ba kaɗan ba ne.

A da wuyar ta fi haka. Jirgin Ingila mai suna Challenger, wanda ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876, da igiyar zare ya yi awonsa a wurare 362. Bayansa wani mutumin Norwe mai suna Nansen ya ƙago kwalbar ƙarfe wadda a ke ɗaurawa a igiya. Sai a sako wani ɗan dunƙulen tagulla ya bi igiya ya buge ta, ta kife ta rufe, ma'aunin zafin da ke jikinta ya tsaya cik inda ya ke, ita kuma ta saki wani dunƙulen ya tafi ga ta ƙasa. Kwalbar roba da a ke aiki da ita yau wani Ba'amurke ne mai suna Niskin ya fito da ita a 1966.

INA RUWAN GISHIRI A CIKI?

Kilo guda na ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35. Watau in aka cika garwa da shi aka shanya, za a kankare fiye da rabin kilo. Wutar lantarki ta fi bin ruwa mai gishiri da sauƙi, da haka na'ura ke gane yawansa. Dalilin awon kuwa shi ne, gishiri da sanyi su ke ba ruwa nauyi. Mai nauyi ya kan nutse, marar nauyi ya tsaya a sama.

Nan ne Kwara ta shigo cikin zancen. Ruwan da ya gangara daga gonaki ya bi gulbi ya faɗa Kwara da Binuwai, ƙarshensa Mashigin Gini ya ke komawa, haka kuma ruwan Kogin Kwango. Da ya ke ba shi da gishiri, sai ya shimfiɗu bisa na teku ya ƙi gauraya. Kusa da bakin kogunan nan gishiri ya kan sauka ƙasa da giram 30. Irin wannan shimfiɗa tana hana ruwan sanyi tasowa, kuma rana tana saurin ɗumama ta. Wanda ya auna zafi kaɗai bai auna gishiri ba, ba zai gane abin da ya hana tekun yin sanyi ba.

LITTATTAFAI BIYU DA AKA KWATANTA

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne. Daga 1968 damina ta fara ja da baya, aka yi farin 1972 da 1973, aka sake yin na 1983 da 1984. Dabbobi suka mutu, Tafkin Chadi ya janye, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Mutane da yawa suka ce saran itace da yawan kiwo ne kaɗai suka jawo. A 1986 waɗansu masana uku na ofishin duba yanayi na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka ɗauko littattafai iri biyu suka kwatanta. Na farko na jiragen ruwa ne, inda ma'aikata suka yi shekaru suna jefa guga suna ɗibar ruwa suna rubuta zafinsa. Na biyu na malaman awon ruwan sama ne na ƙasashen bakin hamada. Suka duba tun daga 1901 har 1985, suka tarar shekarun da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi bisa ga yadda aka saba, su ne shekarun fari. Daga baya aka ƙara gane cewa ɗumin Tekun Fasifik, wanda a ke kira El Nino, ya kan rage ruwan ƙasashen nan, ɗumin Bahar Rum kuwa ya kan ƙara shi.

Tun da aka gane haka sai aka tsananta tsaron teku. A 1997 Birazil da Faransa da Amurka suka haɗu suka fara kafa waɗansu tuluna masu iyo a Tekun Atlantika, shirin da suka kira PIRATA. Kowane an ɗaure shi da igiya har ƙasan teku, yana auna iska da rana da ruwan sama, da zafin ruwa har mita 500, yana aikawa ta tauraron ɗan'adam kowace rana. Ɗaya an kafa shi wajen kilomita 600 kudu da gaɓar Gana. Tun daga shekara ta 2000 kuma aka baza waɗansu ƙananan na'urori masu suna Argo, wajen 4,000 a tekunan duniya, masu nutsewa mita 2,000 da kansu su taso kowane kwana 10 su ba da labari. Duk da haka jirgi bai huta ba. Shi ke zuwa shekara shekara ya ciro tulun da gishiri ya ci ya sa sabo, shi ke zuba na'urorin Argo, kuma da awonsa a ke gyara nasu. Wata matsala ita ce kifi ya kan taru ƙarƙashin tulunan nan, masunta su biyo shi, wani lokaci su ɗaura jirginsu a jiki ko su kwance kayan. Tulu guda in ya lalace, awon watanni ya tafi ke nan.

ABIN DA YA RAGE GA MANOMI

Awon nan shi ke isa ga hukumar duba yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai wadda aka kafa a 1974 bayan fari. Kowace shekara kafin damina su kan fitar da hasashe: lokacin da a ke zaton ruwa zai zauna, da lokacin ɗaukewarsa, da inda a ke tsoron zai yi tsaiko bayan shuka. A kan karanta shi a rediyo da Hausa, malaman gona kuma suna da shi.

Sai dai a san iyakarsa. Hasashen damina yana magana ne bisa ƙasa mai faɗi. Ba zai ce ranar kaza za a yi ruwa a gonar wane ba, kowa kuwa ya sha ganin ruwa ya sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Wata shekara ma ya kan kuskure. Amfaninsa shi ne ya nuna wa mutum inda zai karkata. In an ce damina za ta makara ko za ta yi gajarta, manomi ya nemi iri mai saurin nuna tun da wuri, gero ko wake ko masara 'yar kwana 90, kada ya zuba gonarsa duka ga dawa mai daɗewa. Kada ya ƙarar da irinsa a ruwan fari, ya tona ya ga laima ta shiga ƙasa sosai tukuna, ya kuma ɓoye wani don maimai. Taki na kuɗi ya jira sai shuka ta kama. In an ce ruwa zai yi yawa, mai gona a fadama ya gyara magudana, mai rumbu ya duba jinkarsa. Ɗan kasuwa mai sayen hatsi shi ma ya ji kafin ya ba da bashi ko ya buɗe sito. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malaman da ke riƙe da ma'aunin ruwan sama a ofisoshin gona da makarantu da filayen jirgin sama, su ma aikinsu rabin wannan aiki ne. Da waɗanda suka riga su a Kano da Sakkwato da Damagaram ba su fita kowace safiya sun duba sun rubuta gaskiya ba, da littafin jirgi bai sami abin da za a kwatanta shi da shi ba. Saboda haka wanda aka ba wannan amana ya duba ma'auninsa bisa lokaci, ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta babu, ranar da bai duba ba kuwa ya bar wurin fili, kada ya cika shi da ka.