Wa Ke Tantance Talaka A Shagari?

A shekarar 2016 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya rancen dala miliyan 500 don tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Da shi aka faɗaɗa rajistar talakawa ta ƙasa, har ta iso Jihar Sakkwato. Gidan da aka zaɓa a lokacin akan ba shi Naira 5,000 a wata.

Ga yadda aka tsara aikin. Mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su ne ke ambata gidajen da suka fi talauci. Sa'an nan malamin ƙidaya ya bi gida gida yana tambaya: jinka ce ko kwano? Akwai rediyo? Dabbobi nawa? Amsoshin a zuba wa kwamfuta, ita kuwa ta ba kowane gida maki, ta jera su.

To, kwamfuta ba ta san Shagari ba, ba ta san Boɗinga ba. In malami ya rubuta awakin da aka ba wata bazawara kiwo a matsayin nata, ko ya cika takarda a gindin bishiya don gudun rana, sai makinta ya hau, sunanta ya koma baya, ba kuwa mai gaya mata dalili.

A watan Yuli na 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ce ba ta gamsu da rajistar ba. Dokar kare bayanan jama'a, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ba mutum ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya nemi gyara, ya kuma ƙi hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke. Amma fa da Turanci aka rubuta dokar, hedkwatar hukumar da ke kula da ita kuma tana Abuja.