Matuƙin Jirgin Da Ya Jawo Zancen "Faranti Mai Tashi"

Kenneth Arnold ba soja ba ne, ba kuma masanin taurari ba. Ɗan kasuwa ne a garin Boise ta Jihar Idaho a Amurka, yana sayar da kayan kashe gobara, yana kuma tuƙa ɗan ƙaramin jirgin samansa don fatauci da nishaɗi.

Ran 24 ga watan Yuni, 1947, wajen ƙarfe uku na rana, yana shawagi kusa da Dutsen Rainier a Jihar Washington. Wani jirgin soja ya faɗi a wannan yanki, an kuwa sa ladan Dala 5,000 ga wanda ya gano tarkacensa. Yana cikin dube-dube sai ya hangi waɗansu abubuwa tara masu walƙiya, sun jeru suna keta sararin sama.

A nan ne ya bambanta da galibin masu irin wannan labari, domin ya yi awo. Ya duba agogon jirgi, ya ga daga Dutsen Rainier zuwa Dutsen Adams, tafiyar kusan mil 50, minti ɗaya da daƙiƙa 42 suka yi. Ko da ya rage lissafin don gudun zuguguwa, sai da ya sami mil 1,200 a awa guda. To, mai karatu ya tuna, sai a watan Oktoba na wannan shekara ne jirgi ya fara wuce saurin sauti.

Kashegari ya ba 'yan jarida labari a garin Pendleton. Daga baya ya yi ta nanatawa cewa tafiyarsu ya kwatanta, watau kamar a wurga faranti bisa ruwa ya riƙa tsalle. Jaridu kuwa suka buga "faranti mai tashi". Kafin a ce haka, ɗaruruwan mutane a faɗin Amurka sun ce su ma sun ga faranti. Wannan abin lura ne ƙwarai: abin da suka karanta shi suka gani.

Sojan sama suka ce ƙawalwalniya ce, waɗansu suka ce tsuntsaye ne. Arnold bai yarda ba. Ya haɗa kai da Ray Palmer suka fitar da littafi a 1952, har ma ya kai ga zaton ko waɗansu halittu ne masu rai da ke zaune a sararin sama.

Ofishin binciken sojan sama, da aka rufe a 1969, ya tara rahoto 12,618. Guda 701 ba a gano ko mene ne ba, amma babu ɗaya da ya tabbatar da baƙi daga wata duniya. Masana kuwa wata hanya suka bi: tun 1960 Frank Drake ya kafa kunnen rediyo a Green Bank yana sauraron taurari biyu, kuma har yau ana sauraro, ba a ji amsa ba. Arnold ya mutu a 1984 bai janye maganarsa ba.