Ƙwayoyin Sama da Neman Ɓoyayyen Abu

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in gabatar wa 'yan uwana ɗalibai wata muhawara ta masana kimiyya, tare da kalmomin da na ga sun dace da ita a Hausa.

A shekarar 1912, Victor Hess, mutumin Ostiriya, ya yi sama cikin balan-balan fiye da mita 5,000. Na'urarsa ta nuna cewa wani ƙarfi marar ganuwa yana ƙaruwa yayin da yake nisa da ƙasa. Ashe daga sararin samaniya yake zuwa. Turawa sun laƙaba masa sunan haske, alhali ƙananan ƙwayoyi ne masu tsananin gudu, kusan kashi 90 cikin 100 firoton. Shi ya sa na kira su ƙwayoyin sama.

Ɗaya ɓangaren kuwa, Fritz Zwicky a 1933, da Vera Rubin a shekarun 1970, sun lura cewa taurari da gungunsu suna gudun da nauyin abin da ake gani ba zai iya riƙe su ba. Ke nan akwai wani abu da ke riƙe da su, wanda ya ninka abin da muka sani kusan sau biyar. Ban yarda a fassara shi da baƙin abu ba, domin baƙi ana ganinsa. Ɓoyayyen abu ya fi dacewa.

To, ina alaƙarsu? Wasu masana sun yi hasashen cewa idan ƙwayoyin ɓoyayyen abu biyu suka haɗu sai su hallaka juna, su haifar da fositiron, wato takwaran ilektiron mai kishiyar caji. A 2008 tauraron ɗan Adam mai ɗauke da na'urar PAMELA ya gano fositiron fiye da yadda aka zata cikin ƙwayoyin sama. Na'urar AMS-02, wadda aka kafa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2011, ta tabbatar da haka a 2013 ƙarƙashin jagorancin Samuel Ting.

Sai dai kama da wane ba wane ba ce. Ragowar matattun taurari masu juyawa da sauri, irin su Geminga, su ma suna fitar da fositiron, kuma masana da yawa sun fi karkata gare su. Har yau babu wanda ya kama ƙwayar ɓoyayyen abu ko da ɗaya a ɗakin gwaji.

A ƙarshe, ina roƙon mai karatu ya auna waɗannan kalmomi biyu da na kawo. Wanda yake da mafi kyau, sai ya aiko wa wannan mujalla.